Baga, Janairun 2015: mutum 150 ko 2,000, kuma wa ya ƙirga?

Da asubahin Asabar 3 ga Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka afka wa barikin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi da ke bakin garin Baga, a Ƙaramar Hukumar Kukawa ta Jihar Borno. Haɗin gwiwar a suna kawai ta tsaya a lokacin, domin Nijar da Chadi sun riga sun janye sojojinsu, kamar yadda Babban Hafsan Tsaro Alex Badeh ya faɗa da bakinsa bayan 'yan kwanaki. An yi awanni ana ba-ta-kashi, sojoji suka ja da baya, bariki ya faɗa hannun mayaƙan. Daga nan suka shiga gari, suka zarce Doron Baga da ƙauyukan gaɓar tafki suna harbin duk wanda suka tarar. Kafin Laraba 7 ga wata ta wuce, wuta ta cinye dubban gidaje. Duk wannan babu mai musu a kai. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Abubakar Shekau, ma ya fito a bidiyo ranar 20 ga watan yana bugun ƙirji da aikin.

Inda aka rabu shi ne yawan mamatan. Kafofin labaran duniya sun yi ta nanata 2,000. Hedikwatar Tsaro a Abuja ta ce abin bai wuce 150 ba. Tsakanin alƙaluman biyu akwai rayuka 1,850, kuma shekaru sun shuɗe babu wanda ya cike wannan giɓi. Idan aka bi sawun kowane adadi har inda ya fito, sai a tarar duka biyun ba daga ƙirgen gawa suka samo asali ba. Amma hakan bai sa laifin masu faɗinsu ya zama ɗaya ba.

Sai mutum ya san Baga kafin ya gane wahalar ƙirgen. Daga Maiduguri kusan kilomita 200 ne, ta Monguno da Kuros Kauwa, kuma a wancan lokaci hanyar ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. Tun 2012 Boko Haram ke ƙona turakun wayar salula a arewacin Borno. Garin kuma ba irin wanda mai unguwa ya san kowa da gidan ubansa ba ne. Kasuwar kifi ce. Akwai Barebari da Shuwa da Buduma, akwai masunta da fatake Hausawa daga Kano da Sakkwato da Kebbi da Nijar, waɗanda ke zuwa idan kifi ya yi albarka su koma gida idan damina ta kawo kai. Bandar da ake ɗurawa a kwali a Doro, wato Doron Baga, ita ake saukewa a Tashar Baga ta Maiduguri, a wuce da ita har Onitsha. Ɗan ci-rani da aka harbe a bakin ruwa ba ya cikin littafin kowa. Iyalinsa da ke can Yawuri ko Haɗeja abin da za su iya cewa kawai shi ne wayarsa ta daina shiga.

Waɗanda suka tsira kuma sun warwatsu. Wasu sun kwana da kwanaki suna tafiya a daji har Monguno da Maiduguri, inda aka tsugunar da dubbai a rukunin gidajen malamai da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira. Wasu sun faɗa kwale-kwale suka nufi Chadi. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa 9 ga Janairu mutum 7,300 sun isa yammacin Chadi, wasu kimanin 1,000 kuma sun maƙale a tsibirin Kangala. Babu ɗan jarida ko ɗaya a cikin Baga. Duk labarin da duniya ta karanta a makon nan, wani ne a Maiduguri ko Kano ko Legas ya buga waya ga wanda ya gudo, ko ga wanda ya ji daga bakin wanda ya gudo.

Ta wannan ƙofa 2,000 ta shigo. Ranar Alhamis 8 ga Janairu BBC ta ruwaito wani babban jami'in Ƙaramar Hukumar Kukawa, Musa Alhaji Bukar, yana cewa waɗanda suka gudo sun shaida masa garin ya zama kufai, gawawwaki barbaje a tituna, kuma yana fargabar mamatan sun kai 2,000. Mutumin ba ya Baga lokacin da yake maganar, kuma bai ce ya ƙirga ba. Fargaba ya bayyana. A cikin rahoton nan nata BBC ta ƙara da cewa wasu majiyoyin ɗaruruwa suke faɗi. Washegari Amnesty International ta fitar da sanarwa ta bakin mai bincikenta kan Nijeriya, Daniel Eyre, tana cewa idan har rahotannin da ke nuna an kashe ɗaruruwa, ko ma har 2,000, suka tabbata, to mai yiwuwa wannan ne kisa mafi muni a tarihin ƙungiyar. Sharaɗi ne a kan sharaɗi, kuma ita ma daga rahotanni ta ɗauko adadin.

Kafin a kwana biyu sharuɗɗan duk sun zube a hanya. Kanun labari ba ya ɗaukar "idan har" da "mai yiwuwa", saboda haka sai aka wayi gari ana karanta cewa Amnesty ta ce an kashe 2,000. Wanda ya karanta BBC ya ga 2,000, ya leƙa wata jarida ya ga Amnesty da 2,000, ya shiga Facebook ya ga 2,000, sai ya ɗauka shaidu uku ne suka haɗu a kan magana ɗaya. Alhali fargaba ce ake ta maimaitawa, ba ƙirge ba. Maganar da ta fi kowace gaskiya a makon nan ba ta samu shiga kanu ba. Muhammad Abba Gava, mai magana da yawun 'yan kato-da-gora, ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na AP cewa mutanensu sun haƙura da ƙirga gawawwakin saboda yawansu. Wani mazaunin garin ya faɗa wa Human Rights Watch cewa babu wanda ya tsaya ƙirga gawa, kowa ta kansa yake yi. Hakimin Baga, Baba Abba Hassan, ya ce akasarin mamatan yara ne da mata da tsofaffi, waɗanda ƙafa ba ta iya fitar da su ba.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa adadin gudu wanda bai shafi Baga ba ko kaɗan. A ranar Larabar nan ta 7 ga wata ce 'yan bindiga suka kashe mutum 12 a ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris, kafin mako ya ƙare mamatan hare-haren Faransa suka kai 17. Ranar Lahadi 11 ga wata shugabannin ƙasashe sama da 40 suka yi jerin gwano a Paris, har da Mahamadou Issoufou na Nijar, wanda iyakar ƙasarsa ba ta da nisa da Baga. Sai tambaya ta tashi ko'ina: an kashe 17 duniya ta tsaya cak, an kashe 2,000 babu mai ko tari? Akbishop na Katolika a Jos a lokacin, Ignatius Kaigama, na cikin waɗanda suka yi wannan ƙorafi a fili, kuma ƙorafin na kan hanya. Sai dai shi ya mayar da 2,000 abin da ba a taɓawa. Duk wanda ya tambayi inda aka samo adadin, sai a yi masa kallon mai raina jinin baƙar fata ko ɗan koren gwamnati. Rubuce-rubuce da yawa da aka yi a ƙasashen waje a makon nan ba kan Baga suke ba, kan dalilin da ya sa ba a rubutu kan Baga suke.

Gwamnatin tarayya kuwa shiru ta fara yi. Ranar 8 ga Janairu Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da yaƙin neman zaɓensa a Legas, fadarsa kuma ta fitar da sanarwar Allah-wadai da harin Paris. Ba a ji irin wannan sanarwa daga gare shi kan Baga a kwanakin ba. Zaɓe na tafe ranar 14 ga Fabrairu, kafin daga baya a ɗage shi zuwa 28 ga Maris, kuma babu abin da 'yan adawa ke caccakar gwamnati da shi kamar tsaro. Sai ranar Litinin 12 ga wata, kwana tara da faɗuwar barikin, kakakin Hedikwatar Tsaro Manjo Janar Chris Olukolade ya fito da adadi. Ya ce bisa binciken farko da leƙen da aka yi ta sama, waɗanda suka mutu ba su wuce kimanin 150 ba zuwa lokacin, kuma a cikinsu har da 'yan ta'adda masu yawa da sojoji suka kashe.

Wannan sanarwa tana buƙatar a zauna a kanta. Ranar da aka fitar da ita Baga na hannun Boko Haram, babu soja ko jami'in gwamnati ko ɗaya a ciki. Jirgin leƙe yana iya ganin gawar da ke kwance a fili. Ba ya ganin wadda ta ƙone a cikin ɗaki, ko wadda ke ƙarƙashin itatuwa a dajin da mutane suka bi, balle waɗanda kwale-kwale ya kife da su a tafki. Sannan cusa mayaƙa cikin lissafin ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya rage yawan farar hula ba tare da an faɗi ko nawa ne ba, ya kuma mayar da ranar da bariki ya faɗi ta zama ranar da aka yi wa abokan gaba ɓarna. Da a ce 100 daga cikin 150 ɗin mayaƙa ne, to farar hula 50 kenan a gari da ƙauyuka 16 da shugabannin yankin suka ce an ƙone. Sanarwar ba ta faɗi haka ba, amma ta bar ƙofar a buɗe ga mai son ya fahimci haka.

Mutanen Borno ba su yarda ba, kuma suna da dalili, domin wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. A wannan gari na Baga, a watan Afrilun 2013, an kashe soja ɗaya, abin da ya biyo baya kuma mazauna garin suka ce sojoji ne suka bi unguwanni suna harbi suna cinna wuta. Kwamandan rundunar haɗin gwiwa na lokacin, Birgediya Janar Austin Edokpayi, ya ce mutum 37 suka mutu, 30 mayaƙa, farar hula shida, soja ɗaya, kuma bukkoki 30 ne suka ƙone sakamakon rokokin Boko Haram. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce 187. Shugabannin unguwanni sun shaida wa Human Rights Watch sun ƙirga gawa 183. Sanatan Borno ta Arewa, Maina Ma'aji Lawan, ya ce ya zaga maƙabartu ya ƙirga sabbin kaburbura 228. Da Human Rights Watch ta duba hotunan tauraron ɗan'adam, gine-gine 2,275 ta samu a ƙone. Bukka 30 ina, gini 2,275 ina.

Bayan shekara guda aka yi Chibok. Kwana biyu da sace 'yan matan a Afrilun 2014, Olukolade ɗin nan ya sanar cewa an kuɓutar da su duka in ban da takwas. Shugabar makarantar da iyaye suka ce ba su ga 'ya'yansu ba, dole Hedikwatar Tsaro ta janye maganar. A Oktoban shekarar Badeh ya sanar da tsagaita wuta da Boko Haram, Shekau ya fito ya ce bai san zancen ba. Shi kansa Shekau an sha sanar da mutuwarsa yana dawowa a bidiyo. Da wannan tarihi a baya, ko da 150 gaskiya ce da wuya ta samu mai saye.

Alƙaluman 2013 suna koya mana wani abu idan aka jera su kusa da na 2015. Dubi wutsiyarsu: 183, 187, 228. Sun saɓa wa juna, amma kowanne ya fito daga hannun wanda ya ɗauki gawa, ko ya tsaya sahun jana'iza, ko ya taka maƙabarta. A ƙasarmu ta nan adadin mamata ke fitowa, daga liman da masu haƙa kabari da mai unguwa, shi ya sa bayan hari za ka ji an ce "mun yi wa mutum kaza sallah". A 2013 mutanen Baga sun dawo sun binne nasu. A 2015 babu wanda ya dawo, babu jana'iza, sai aka samu alƙaluma masu sumul, 150 da 2,000, irin waɗanda ake faɗi da ka.

Shaidar da ta fi ƙarfi ta zo ranar 15 ga Janairu, ranar da Jonathan ya kai ziyarar ba-zata Maiduguri. Amnesty ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam guda biyu, na 2 ga wata da na 7 ga wata. Irin hoton nan ne da ke nuna ɗanyen ganye da launin ja. A na farko Doron Baga cike take da jajayen ɗigo, itatuwan tsakar gida da na bakin titi, rufin gidaje a jere a matse. A na biyu jan ya kusa ɓacewa, sai launin toka. Aka ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka lalata, kimanin 620 a Baga, fiye da 3,100 a Doro, wadda ba ta fi kilomita biyu da rabi daga Baga ba. Human Rights Watch ta yi nata lissafin ta ce kashi 57 cikin ɗari na Doro ya tafi, na Baga kashi 11. A hoton 2 ga wata ana ganin kwale-kwalen katako jere a gaɓar ruwa. A na 7 ga wata yawancinsu babu, abin da ya yi daidai da labarin waɗanda suka ce ta ruwa suka tsere.

Hotunan sun tabbatar da abu biyu da alƙaluman farko suka rufe. Ɓarnar ta fi ƙarfin abin da 150 ke son a ɗauka. Kuma inda wutar ta fi ci Doro ce, ba Bagan da duniya ke ambato ba, wadda rahotannin farko suka ce an shafe ta gaba ɗaya alhali mafi yawan gine-ginenta na tsaye. Sai dai tauraron ɗan'adam rufi yake ƙirgawa, ba ya ƙirga rai. A wannan sanarwa ta biyu, bayan ta yi magana da shaidu da kanta, Amnesty ɗaruruwa ta ce an harbe. Nan ne iyakar abin da shaida za ta iya ɗauka, kuma ina ganin nan ya kamata kowane edita ya tsaya. Gyaran bai yi tafiyar da adadin farko ya yi ba. Har yau idan aka tashi tuna Baga, 2,000 ake fara ambata.

Shafukan sada zumunta kuma sun ƙara nasu gishirin. Hoton da ya fi yawo a matsayin na Baga shi ne na gawawwaki ƙonannu jere a ƙasa, mutane tsaye suna kallo. Ba a Nijeriya aka ɗauke shi ba. Na hatsarin tankar mai ne da ta fashe a garin Sange na gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a Yulin 2010, inda sama da mutum 200 suka mutu, kuma an sha liƙa shi a kan wasu rikice-rikicen kafin Baga. Waɗanda suka yaɗa shi da yawa tausayi ne ya sa su. Amma ga mai son musanta kisan, faɗuwa ce ta zo daidai da zama: ya nuna hoto ɗaya na ƙarya, ya shafa wa duk shaidar 'yan gudun hijira kashin kaji. Matar da ta baro gawar mijinta a Doro ba ta buƙatar hoton Kwango, kuma shi ya jawo ake tantamar maganarta.

Ba na ɗora wa ɓangarorin biyu laifi iri ɗaya. 'Yan jarida sun ɗauki fargaba suka cire mata sharaɗi saboda babban adadi ya fi jan ido, kuma wannan sakaci ne da ya kamata a kira shi da sunansa. Amma ba su da jirgi, ba su da bariki, ba su da ikon shiga garin. Gwamnati ce ke da alhakin tsare mutanen, ita ce kuma kaɗai ke da halin ƙirga su daga baya. Olukolade ya ce adadinsa na wucin gadi ne. Ranar 21 ga Fabrairun 2015 sojoji suka sanar da ƙwato Baga, Jonathan ma ya je garin kafin watan ya ƙare. Mutanen Baga da Doro na zaune a sansanonin Maiduguri da na Chadi tare da masu unguwanninsu da limamansu da shugabannin 'yan kifi, waɗanda da an bi su gida-gida an tambayi wa ya ɓace, da an samu jerin sunaye ko da bai cika ba. Adadin wucin gadin nan shi ne ya zama na ƙarshe daga bakin hukuma.

Labarin bai tsaya nan ba. A ƙarshen Disambar 2018, ƙarƙashin gwamnatin Muhammadu Buhari wadda ta hau mulki da alkawarin gyara tsaro, ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ya sake karɓe barikin Baga, dubbai suka sake kwararowa Maiduguri, rundunar soja kuma ta fara da musanta cewa garin ya faɗi. Ranar 6 ga Janairun 2019 jaridar Daily Trust, yayar Aminiya, ta buga labarin shirin da sojoji ke yi na ƙwato Baga. A ranar sojoji suka mamaye ofisoshinta na Maiduguri da Abuja, suka kwashi kwamfutoci, suka tafi da editan shiyya Uthman Abubakar da wakilin jaridar Ibrahim Sawab. Rundunar ta ce labarin ya tona sirrin aikin soja ya jefa dakaru cikin haɗari, kuma wannan hujja ce da za a iya tattaunawa a kanta. Sai dai labarin da ya jawo samamen ya kuma nuna cewa garin da aka ce bai faɗi ba, ana tara dakaru domin a ƙwato shi.